Gidan Takardar Walida

Tun ranar da Nafi'u ya ce idan makaranta ba ta tabbatar wa 'yarsu Walida kujerarta ba kafin ƙarshen zango zai tafi da ita Gusau wurin yayarsa, Yaya Bilki, matarsa Hansatu ba ta ƙara cin abinci ta ji daɗinsa ba. Ba da faɗa ya faɗa ba, wannan ne ma ya fi tayar mata da hankali. Nafi'u idan ya yi hayaniya, a ba shi shayi ya wuce. Amma idan ya yi magana a sanyaye yana duba waya, to ya riga ya gama shawara.

Shi dillalin kaya ne a Yiwu, can ƙasar Sinawa, kamar yawancin mazanmu na garin. Kwaɗuna, tocila, fanka mai caji, duk abin da 'yan kasuwar gida suka aiko a nema, shi ke bin shaguna ya haɗa, ya cika kwantena ya tura. Ba mugu ba ne, kuma maganarsa ba ta rasa kan gado ba. Yarinya ta shiga bakwai, ko izu ɗaya ba ta haɗa ba, idan za ta ƙirga awara a faranti da Sinanci take ƙirgawa. A Gusau kuwa Islamiyya na jikin katangar Yaya Bilki. Hansatu ta san duk wannan. Abin da ta sani kuma shi ne ita kaɗai Allah Ya ba ta, kuma matan da suka tura nasu gida ta gan su, kullum suna riƙe da waya suna roƙon yaro ya tsaya ya gaishe su.

Makarantu dai sun zagaya. Ta Turawa, mai filin ciyawa da motar ɗaukar yara, da aka faɗa wa Nafi'u kuɗinta sai ya yi dariya ya tambaya ko har da gidan haya a ciki. Ta Larabawa, wadda wasu 'yan Yaman suka buɗe a saman wani sito, nan Walida ta fara, har wata safiya iyaye suka tarar da kwaɗo a ƙofa, babu wanda ya yi musu bayani. Saura ta gwamnati ta unguwa. Can aka karɓe ta, amma a matsayin baƙuwa, aka ce za a ga kamun ludayinta da na iyayenta tukuna. Wannan kalmar ta iyaye ita ta tsaya wa Hansatu a rai, domin yarinyar ba ta da matsala. Uwar ce ke faɗuwa jarrabawa kullum.

Wanda bai sa ɗa a makarantar Sinawa ba, bai san cewa iyaye ake ɗauka karatu ba. Akwai zauren iyaye a waya, saƙo na shigowa tun kafin a karya. Kowanne sai Hansatu ta kwafa ta sa wa waya ta fassara mata, kafin ta gama fahimtar na farko, uwaye sun jera amsa kamar sojoji. An ce a zo da ganyen bishiya iri-iri, ta aika da alayyafo. An ce farin takalmi ranar Litinin, ta gani ranar Talata. Malama Jin, malamar ajin, ba ta taɓa ɗaga mata murya ba, sai dai murmushi, kuma Hansatu ta tsani murmushin nan, don ba ta san abin da ake rubutawa a bayansa ba.

Sai ga saƙon da ya fi duka. Kowane yaro zai kawo gida na kwali ranar Litinin, wanda shi da iyayensa suka haɗa, a rubuta sunansa a ƙofa. Za a jera a farfajiya, shugabar makaranta da kanta za ta zagaya. Shugabar da maganar kujerar Walida ke hannunta.

Nafi'u yana Ningbo wurin lodi, sai Litinin da yamma zai dawo. Hansatu ta kwashe tocila daga wani kwali, ta samo almakashi da gam, ta zauna a ƙasa. Kafin la'asar ɗin Asabar hotuna sun fara shigowa zauren iyaye. Wani gida har da wutar lantarki a ciki, wani da gada da ɗan tafki. Ƙarya ce a ce yaro ya sa hannu a ko ɗaya, amma wa zai faɗa? Nata kuwa ya fito kamar akurkin kaji da iska ta taɓa. Ta gyara rufin, bango ya kwanta. Walida ta tsuguna ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Mama, ya yi kyau." Da ta yi kuka ma da ya fi wa Hansatu sauƙi.

Ranar Lahadi ta bar yarinyar wurin maƙwabciya ta fita cefane, zuciyarta a cunkushe. Kasuwar unguwa ta saba da ita. Ta san mai naman da ke yanka irin namu, ta san tsohuwar da ke ɓoye mata kuɓewa, ta iya nuna kaya da yatsa ta miƙa waya a biya ba tare da an yi magana ba. Ranar ta bi ta bayan masu kifi don guje wa cunkoso, ta faɗa wani ɗan lungu. A nan akwai shagon da ta sha wucewa, na jan kyandir da turaren tsinke. Yau an fito da sabon kaya har bakin hanya.

Ta tsaya cak. Gidaje ne na takarda, jere a kan benci. Bene hawa biyu, jan rufi, tagogi masu sheƙi, baranda, mota a gareji, har da 'yar aiki a tsaye bakin ƙofa riƙe da tire. Ta leƙa ta taga ta hango gado da talabijin. Ta ce a ranta, wato nan munafukan ke sayowa. Nan take ta ji wani sanyi a ƙirjinta, irin wanda ta manta da shi.

Da ta kira ko mutum ɗaya cikin matan da suka daɗe a garin, da an tare ta tun daga nan. Amma wa ke son a ji cewa ta sayi aikin makaranta a kasuwa? Ta shiga abinta.

Mai shagon tsoho ne mai tabarau. Ta nuna wanda ya fi kyau. Ya dube ta, ya dubi gidan, ya yi magana. Ta kara masa waya a baki, wayar ta ce yana tambaya na waye ne. Ta ce na 'yarta. Ta ɗaga yatsu bakwai, ta nuna tsayinta da hannu daidai ƙugu.

Tsohon ya cire tabarau. Ya dafa ƙirjinsa ya sunkuya mata. Ya shiga ciki ya fito da ɗan takalmi na takarda da 'yar jakar makaranta, ita ma ta takarda, ya sa su cikin gidan. Da ta ɗaga waya za ta biya, ya ture hannunta a hankali, ya girgiza kai. Ta yi ta yi, ya ƙi. Ya lulluɓe gidan da baƙar leda, ya ɗauko shi da kansa har bakin babur ɗinta, ya ɗaure mata da igiya. Ta tafi tana sa masa albarka, tana cewa ashe ko'ina akwai mutanen kirki.

A gida ta cire 'yar aikin, don ta ga abin zai yi yawa, ta ɗan goga gam a gefe-gefe don ya yi kama da aikin hannu. Walida ta yi ta tsalle. Ta ɗauko alƙalaminta ta rubuta sunanta da harafin Sinanci a kan 'yar takarda, harshenta a waje don tsananin kula, Hansatu kuma ta manna shi a kan ƙofar da hannunta.

Safiyar Litinin ƙofar makaranta cike take kamar kullum, yawanci kakanni ne, su ke kawo jikoki. Kowane yaro da gidansa a hannu. Hansatu ta jingine babur, ta yaye ledar, ta ɗora wa Walida gidan a hannu, ta gyara mata kwala.

Hayaniyar wurin ta ɗauke. Kallo ba baƙonta ba ne, a garin nan an sha ɗaukarta hoto ba a tambaye ta ba, an sha shafa kitson Walida. Amma wannan daban ne. Mutane suka dare, aka bar su su biyu a tsakiya. Wata tsohuwa ta fizgo jikanta ta rufe masa ido, ta tofar da yawu gefe. Wani dattijo ya juya baya. Abin da ya zo wa Hansatu shi ne an gane sayowa ta yi.

Mai gadi ya tare ƙofa da hannu biyu yana magana da ƙarfi, yana nuna gidan, yana nuna titi. Tsohuwar ta sa baki, wasu suka taya ta. Hansatu ta laluba jaka tana neman waya, wayar ta faɗi ƙasa. Tana sunkuyawa ta ji muryar 'yarta.

Walida ce ke magana, gidan ya kusan rufe mata fuska. Ba kuka take ba. Sinanci take zubawa tiryan-tiryan, ta fuskanci mai gadi, ta juya ga tsohuwar, har da ɗan karya wuya irin nasu. Hansatu ba ta taɓa jin ta yi doguwar magana haka ba. Wani ya yi dariya, aka zungure shi. A gefen ƙofa kuwa, inda take tsayawa kowace safiya tana amsa gaisuwar yara, shugabar makaranta na kallo, hannunta a baya.

Malama Jin ta fito da gudu. Ta cire rigar sanyinta ta lulluɓe gidan, ta ja su ta ƙaramar ƙofa zuwa wani ɗaki da ake ajiye tsintsiya da ƙwallaye. Ta zuba wa Hansatu ruwan zafi a kofin takarda, wanda a wurinsu shi ne maganin komai. Sannan ta yi magana a hankali, ta dubi Walida don ta fassara.

Yarinyar ta saurara, fuskarta ta canza. Ta ce, "Mama, wai gidan matattu ne."

Malamar ta ci gaba, yarinyar na bi. Wannan makon ne Sinawa suke zuwa share kaburbura. Suna sayen gida da mota da kaya na takarda su ƙona, wai hayaƙin ya kai wa mamacinsu can, ya samu wurin zama. Ba a shiga da shi gidan masu rai, balle makaranta. Sunan wanda ya mutu ake rubutawa a ƙofa.

Hansatu ta tuna tsohon da ya cire tabarau. Ta tuna yatsunta bakwai, da ɗan takalmin, da jakar makarantar. Ashe ta'aziyya ya yi mata. Ta ce innalillahi, ta yaye rigar, ta sa farce ta kankare sunan har takardar ƙofar ta yage. Ita Musulma ce, ta san takarda ba ta kashe kowa, ta san kwana na hannun Allah. Duk da haka sai da ta jawo yarinyar ta tofe ta da addu'a daga kai har ƙafa, tana jin tsoro irin wanda ba ta taɓa ji ba.

Da ta ɗan dawo hayyacinta, ɗaya tsoron ya taso. Shi ke nan, ta kashe maganar kujera da hannunta. Ta ce wa Walida ta ba malama haƙuri, ta ce laifinta ne ita uwar, kada a hukunta yarinya, za ta sake wani gidan ko da kwana za ta yi a kai.

Kafin yarinyar ta gama fassarawa shugabar ta shigo. Gajeriyar mace ce mai furfura, ba ta cika fara'a ba. Ba ta dubi gidan ba. Ta yi wa Walida tambaya, ta amsa. Ta sake yi, ta amsa. Sai ta dafa kanta ta yi wata 'yar magana, Malama Jin ta yi murmushi, wannan karon har ido.

Hansatu ta ce, "Me ta ce?"

"Ta tambaye ni me na ce wa mai gadi. Na ce na gaya masa mamata ce ta wahala ta samo mini, kuma ba kyau babba ya yi wa baƙo ihu, haka aka koya mana a aji." Ta ɗan sunkuyar da kai. "Wai kujerata tawa ce har in gama. Wai ni ai tasu ce."

Hansatu ta yi godiya da duk 'yar kalmar da ta iya. Ta fito, gidan a lulluɓe a bayan babur. Ta so ta jefa shi a shara, amma tsofaffin unguwa na zaune kusa da bola suna lura da abin da kowa ke zubarwa, ta kuma sha kallo ya ishe ta na rana ɗaya. Ta hau da shi sama, ta tura shi ƙarshen baranda ta rufe da tsohon zane. Ta yi sujadar godiya. Ta dafa miyar da Nafi'u ya fi so. Sai dai duk inda ta juya a kicin, maganar shugabar na biye da ita, wai tasu ce.

Da yamma ta ɗauko Walida. Yarinyar ko takalmi ba ta cire ba ta wuce baranda ta ɗaga zanen. Hansatu na tsane shinkafa ta ji ta a bayanta.

"Mama, mu aika wa Inna."

Inna mahaifiyar Hansatu ce, sunanta aka sa wa yarinyar, shi ya sa ake ce mata Walida. Bara ta rasu a Funtua, a ɗakin haya, suna nan. Hansatu ba ta samu jana'iza ba, ba ta samu bakwai ba, a waya aka nuna mata makara. Shekara da shekaru tana yi mata alkawarin ɗaki nata na kanta, wanda ba ya yoyo, tana cewa bari kwantena ta gaba ta sauka.

Ta ce, "Aika mata me?"

"Gidan. Yara sun ce idan aka ƙona yana isa. Kin ce ɗakinta na zuba idan ana ruwa. Wannan rufinsa mai kyau ne, ga gado. Sai mu rubuta sunanta, na iya rubutawa."

Matsamin ya kuɓuce wa Hansatu, shinkafa ta watse a kwatami. Ta juyo ta daka mata tsawa irin wadda ba ta taɓa yi ba. Ta ce kada ta ƙara jin wannan magana a bakinta, mu ba ma haka, mamaci addu'a ake masa da sadaka, wannan aikin waɗanda ba su san Allah ba ne. Yarinyar ba ta yi kuka ba. Ta tsaya tana kallonta da idon nan da ta kalli mai gadi da shi.

Abin da ya fi ƙona Hansatu shi ne, na ɗan lokaci kaɗan, kafin tsawar ta fito, ta hango Inna zaune a barandar benen nan tana tsince wake.

Ana haka Nafi'u ya yi sallama, a gajiye, da ƙurar sito a wandonsa. Ya wuce baranda zai shanya riga ya ci karo da gidan. Shekarunsa a Yiwu sun fi nata, amma daga shago sai sito sai masallaci, bai san lungun bayan masu kifi ba. Ya tsuguna yana leƙa tagogi yana dariya.

"Ikon Allah. Maman Walida, ke kika yi wannan? Ai irinsa zan gina miki a Gusau, har da motar." Ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa. "Yaya aka yi da makarantar?"

Walida na tsaye bakin ƙofar ɗaki. Hansatu ta san jimla ɗaya ta isa. Idan ta faɗa masa mene ne gidan, ta faɗa masa abin da 'yarsa ta roƙa yanzun nan, kafin Sallah yarinyar na Gusau da allo a hannu, kuma babu wanda zai ce bai yi daidai ba. Ita kanta ba za ta ce ba.

Ta ce, "Sun karɓe ta, Abban Walida. Kujerar tata ce har ta gama."

Ya dube ta, ya ɗaga kafaɗa. Ya ce to, ta yi nasara, shi dama ba raba su yake son yi ba. Ya zauna kan kujera ya kira Yaya Bilki, aka shiga gaisuwa, yana gaya mata a bar maganar gadon da za a saya wa yarinya.

Hansatu ta ɗauki gidan ta shige banɗaki. Ƙona shi ba zai yiwu ba, ajiye shi ba zai yiwu ba. Ta sa shi cikin babban baho ta sakar masa famfo. Rufin ya fara lotsawa, jan launi ya bi ruwa, benen sama ya zauna kan na ƙasa. Ɗan takalmin ya taso yana yawo, ta danna shi da hannu.

Ba ta ji zuwan yarinyar ba, sai inuwarta ta gani. Ba tare da ta juyo ba ta ce mata ta zo su yi wa Inna addu'a, ita ce ke isa.

Walida ba ta matso ba. Ta dubi bahon, ta dubi uwarta, ta yi magana a hankali, doguwar jimla, da Sinanci. Ba ta taɓa yi wa Hansatu Sinanci ba sai ranar. A falo Nafi'u na dariya da yayarsa. Wayar da ke fassara mata komai tana aljihun rigarta, tana jin nauyinta a cinya. Hannayenta na cikin jan ruwan, ba ta fito da su ba.